Kiɗan Da Ba Ya Kiran Sunan Kowa

Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a fili ba a ƙasar Hausa, wataƙila don amsarta ba za ta yi mana daɗi ba. Me ya sa muke son kiɗa har cikin ranmu, amma muke ƙyamar makaɗi? Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada ko Doguwa ya san yadda abin yake. Direba ya saki Shata, sai ka ga dattijo mai furfura a gidan gaba yana gyaɗa kai, yana bin waƙar baiti-baiti, har yana gyara wa samarin da ke baya inda suka kuskure. To, a ce gobe jikan wani makaɗi ya aiko neman auren 'yar wannan dattijo. Ba za a kai ga tambayar halinsa ko sallarsa ba. Da an ce daga gidan roƙo ya fito, bincike ya ƙare. Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare na wannan yanki muna ganin ƙaramin misalin haka kullum. Yaron da ke kiɗa da tebur a aji, komai daɗin hannunsa, abin da ya saba ji shi ne, "Kai maroƙi ne?"

Bari mu kawar da wani abu tun da wuri. Ba hukuncin kiɗa a shari'a muke magana a kai ba. Wannan fage ne na malamai, sun yi bayani, kuma wanda ya bi fatawar haramci ya toshe kunnensa gaba ɗaya ba mu da ja da shi, domin zancensa da aikinsa sun zo ɗaya. Da sauran jama'a muke, masu wayoyi cike da waƙoƙi, masu gayyato makaɗa bikin 'ya'yansu, sannan su hana su zama a tabarma ɗaya da su.

Idan aka matsa wa Bahaushe, amsar da zai bayar ita ce shi ba kiɗan ya raina ba, roƙon ya raina. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, domin a al'adarmu kusan kowane abin kiɗa yana da ubangida. Tambari da kakaki na sarki ne. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori, gangar noma kuwa ta manoman da suka fito gayya. Ko babu wanda ya buɗe baki, fatar kanta magana take yi, don kowane gwani yana da takensa, kuma da an kaɗa ya san da shi ake, ya kuma san abin da ake jira daga aljihunsa. Shi ya sa idan muka ji kiɗa daga nesa, tambayarmu ta farko ita ce wa ake yi wa.

Abin da ya kamata mu bincika shi ne ko roƙon nan a jikin kiɗa yake kamar yadda jiƙa take a jikin ruwa, ko kuwa riga ce da wani ya sa masa. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce mu leƙa inda ake kiɗa ba tare da roƙo ba, mu ga yadda aka yi aka kai can, da kuma abin da aka biya kafin a kai.

Turawa suna da wani abin kiɗa da ake kira piyano. Babban akwatin katako ne, na zamanin yau yana da maɓallai 88 jere a gabansa, 52 farare, 36 baƙaƙe. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, duk maɓallin da aka danna sai wata 'yar guduma ta doki tsirkiyarsa. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi wajen shekarar 1700. Akwai masu kaɗa shi a majami'u da gidajen rawa, amma wanda muke nufi a nan shi ne gwanin da ke hawa dandali shi kaɗai. Mutane su sayi tikiti, su shiga babban zaure su zauna. Makaɗin ya fito ya rusuna, ya zauna, ya yi ta kaɗawa kusan awa biyu. Babu waƙa, babu 'yan amshi, babu sanƙira, babu mai tasowa ya yi liƙi. Wanda tari ya kama ma kunya yake ji. Sau da yawa kiɗan da ake kaɗawa wani ne ya tsara shi a takarda, ya kuma daɗe da mutuwa. Ko da sarkin garin yana cikin zauren ba za a ambace shi ba. Sai an gama a tafa, kowa ya kama gabansa.

Cikin waɗanda suka kafa wannan sana'a a kan ƙafafunta akwai wata Bajamushiya, Clara Schumann, kuma rayuwarta ta isa a tsaya a kanta. An haife ta a birnin Leipzig a 1819. Ubanta, Friedrich Wieck, malamin piyano ne, kuma tun da wuri ya ƙudura cewa da wannan yarinya zai nuna wa duniya ingancin koyarwarsa. Tana 'yar shekara biyar iyayenta suka rabu, ta zauna a hannun uban. Kullum darasi na awa ɗaya, sannan awa biyu tana maimaitawa. Ya buɗe mata littafin rubuta abubuwan da suka faru da ita yau da gobe, amma a shekarun farko shi ne yake rubutawa da bakinta, kamar ita ce take magana. Ta fara hawa dandali a 1828 tana da shekara tara. Kafin ta cika ashirin an san ta daga Faris har Viyana, inda fadar sarkin Ostiriya ta ba ta muƙamin girmamawa a 1838.

Da ta so auren wani tsohon ɗalibin ubanta, Robert Schumann, uban ya ƙi, ya kuma riƙe kuɗin da ta tara da yatsunta. Sai da aka je gaban alƙali. An ɗaura auren a 1840, ana gobe za ta cika shekara 21. Ta haifi 'ya'ya takwas. A 1854 mijin ya sami taɓin hankali aka kai shi gidan jinya, ya mutu a can a 1856, ya bar ta da yara bakwai. A nan ne abin da ya shafi zancenmu ya faru. Wasu makaɗa sun so su shirya taron kiɗa don a tara mata taimako, ta ƙi. Ta ɗaura ɗamara ta koma dandali, Jamus, Ingila, Rasha, shekara bayan shekara, tana ci da gidanta daga kuɗin tikiti. Tana cikin na farko-farko da suka saba kaɗa dogayen kiɗe-kiɗe da ka, ba tare da duba takarda ba. Daga 1878 ta zama malama a makarantar kiɗa ta Frankfurt, ta yi wasanta na ƙarshe a gaban jama'a a 1891, ta mutu a 1896. Fiye da shekara sittin ke nan tana hawa dandali ba ta kira sunan kowa ba. Daga 1990 har zuwan kuɗin yuro a 2002, hotonta ne a jikin takardar mak 100 ta Jamus. Mai karatu ya juya takardar naira biyar ya duba bayanta. Zai ga makaɗa, amma ba zai ga sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kada wani ya ɗauka cewa Turawa da mutuncin makaɗi aka halicce su. Ba a fi shekara sittin ba kafin haihuwar Clara, a 1761, babban makaɗin nan Joseph Haydn ya kama aiki a gidan sarautar Esterhazy, ya yi kusan shekara talatin yana sanye da kayan barorin gida, yana zuwa karɓar umarni kamar kowane bafade. Mozart, wanda yau ake kai yara ziyara gidan da aka haife shi, ya yi ƙorafi a 1781 cewa a teburin barori da masu dafa abinci ake zaunar da shi, kuma da ya nemi barin aikin ubangidansa, wani hadimin fadar ne ya raka shi ƙofa da shuri. Wato su ma makaɗan fada ne, su ma sun san zaman bakin ƙofa.

To me ya canza? Ba yatsun makaɗa ne suka ƙara tsawo ba. Masu sauraro ne suka canza. Zauren da Clara ta fara wasa a cikinsa, Gewandhaus, sunansa ma yana nufin gidan tufafi, domin gini ne na 'yan kasuwar yadi. Attajiran Leipzig ne suka haɗa kuɗi tun 1743 suka kafa ƙungiyar shirya kiɗa, a 1781 ta koma wannan gini, wato a shekarar da aka shuri Mozart. Kamar dai a ce 'yan Kantin Kwari su yi karo-karo su keɓe zaure, su riƙa biyan kuɗin shiga duk shekara, da sharaɗin ba za a wasa kowa a cikinsu ba. Da aka sami mutum ɗari biyar masu biyan kaɗan-kaɗan don su ji kiɗa kawai, sai makaɗi ya daina buƙatar mutum ɗaya mai ba da doki don ya ji sunansa.

Idan muka dawo gida muka nemi wanda ya fi kusa da irin wannan makaɗi, ba za mu wuce marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ba. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana jariri, Sarkin Bukuru wanda mahaifinsa yake yi wa kiɗa ya riƙe shi. Abin kiɗansa kuntigi, gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da tsirkiya ɗaya tak. Ga mai tsirkiya fiye da 200, ga mai guda ɗaya, amma tsayuwarsu iri ɗaya ce: mutum ɗaya, abin kiɗa ɗaya, babu 'yan amshin da za su rufa masa asiri idan ya yi tuntuɓe. Ba mu ce bai taɓa wasa manya ba, ya yi, ya kuma yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa. Sai dai waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce. Mu da manyan motocin Jos suke ratsa garuruwanmu, su biyo ta Saminaka su keta dajin Falgore, mun san karen mota, mun san abin da ke aljihunsa. Wanda ya zauna ya tsara wa wannan bawan Allah waƙa ba kujerar Makka yake nema ba. Haka waƙoƙinsa na zaman aure da auren dole da gulma, babu wani mutum guda da za a kai wa su a karɓi tukuici. Na duk mai kunne ne. Da wannan ɗan gwangwani ya hau dandali a ƙasashen waje, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa.

Duk da haka akwai inda ya tsaya, kuma ba laifinsa ba ne. Dole ya sa wa kuntigin nan baki, domin ba mu saba zama don tsirkiya kaɗai ba. Mai karatu ya lura da abin da ke faruwa a wajen biki idan mai kukuma ko mai gurmi ya yi shiru ya bar hannunsa yana magana. A daidai wurin nan ne gwanintarsa take, wurin da ya kwashe shekaru yana koyo. A daidai wurin nan ne kuma jama'a suke juyawa su ci gaba da hira, ko a tashi a je a yi liƙi a tare shi daga idon mutane. Garba Supa da Hassan Wayam da Haruna Uji sun bar mana irin waɗannan wurare da yawa a kaset, mutum nawa ne cikinmu suka taɓa mayar da kaset baya don su sake jin su?

Yanzu sai mu saurari masu ja da mu, don suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Za su ce da farko, fada ba ta hana fasaha ba. Narambaɗa bai bar gindin Sarkin Gobir na Isa Amadu ba, amma har yau ana rubuta kundayen digiri a kan azancinsa, haka Ɗanƙwairo. Wannan gaskiya ne, kuma Haydn ma a cikin kayan barori ya tsara mafi yawan ayyukansa. Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, za su ce tsarinmu ba ya korar talaka. Idan aka kafa kalangu a dandalin Kiru ko Bebeji, babu ƙofa balle mai tsaron ƙofa. Alhaji ya yi liƙi don a ji sunansa, almajiri da ɗan dako su sha kiɗa kyauta. Tikiti kuwa katanga ne, wanda ba shi da shi yana waje. Na uku za su ce a dubi ita Clara ɗin da kyau. Yarinyar da uba ya mayar jari tun tana shekara biyar, har bakinta ya ara ya yi magana da shi, uwar da ta rarraba 'ya'yanta a makarantun kwana da gidajen dangi don tana kan hanya, wadda huɗu cikin 'ya'yanta takwas suka riga ta mutuwa, wani kuma ya ƙare a gidan masu taɓin hankali. Wannan ce 'yantacciyar? Ta tsere wa ubangida ɗaya ta faɗa hannun dubu.

Ba mu da amsar da za ta share hujja ta uku, kuma ba ma so mu share ta. Duk uban da ya ga baiwa a hannun ɗansa, ko ta kiɗa ce ko ta karatu ko ta ƙwallo, ya kamata labarin Wieck ya hana shi barci. Amma a lura, abin da dubun nan suka saya a wurinta aikinta ne. Sun sayi lokacinta da ƙarfinta, kamar yadda ake sayen na manomi da na malamin makaranta, ba su sayi bakinta ba. Ba ta taɓa tsayawa gaban azzalumi ta kira shi adali don yaranta su ci abinci ba, ba ta kuma taɓa yi wa wanda ya hana ta barazana da zambo ba. A ganinmu a nan iyakar take tsakanin sana'a da roƙo. Ba karɓar kuɗi ba ne abin kunya, kowa karɓa yake yi. Abin duba shi ne me aka miƙa a madadin kuɗin.

Hujja ta biyu kuwa, ta cewa talaka yana shan kiɗa kyauta, tana da kyau har sai an tambayi wa ya biya. Alhaji ya biya da kuɗi ya karɓi suna, bai yi asara ba. Jama'a ba su biya komai ba. Wanda ya cike giɓin shi ne makaɗin, da mutuncinsa ya cike, har jikansa yana biyan sauran bashin ranar neman aure. Zamani ma bai sauƙaƙa masa ba. Jiya masu kwafar kaset ne, yau a kowace kasuwar ƙauye akwai mai rumfa da kwamfuta da zai cika maka waya da waƙoƙi ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, kuma ko kwabo ba ya isa ga mai waƙar. Mutumin da aka toshe wa kowace ƙofa aka bar masa ta ɗan siyasa da ta mai biki, idan ya bi ta nan, da wane baki za mu kira shi maroƙi? Mu ne ba ma sa hannu a aljihu sai mun ji sunanmu da na kakanninmu. Idan akwai roƙo a wurin, ta ɓangare biyu yake tafiya, shi yana roƙon kuɗi, mu muna roƙon yabo, sai dai shi kaɗai aka laƙaba wa sunan.

Wannan magana ba ta tsaya kan masu ganga ba, ta iso har teburinmu, mu masu alƙalami. Kowa a cikin wannan ƙungiya ya halarci bikin ƙaddamar da littafi. An san yadda ake yi: uban taro, babban mai ƙaddamarwa, mai gabatarwa yana jero kirari, a sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi masu yawa a tafa, littafin kuwa wataƙila ba za a buɗe shi ba har abada. Wani lokaci shafin sadaukarwa ya fi labarin da ke ciki samun kulawar marubucin. In ban da rashin kalangu, me ya raba wannan da dandali? Abin mamaki kuma, lokaci guda da marubutan Hausa suka sami irin masu sauraron Leipzig shi ne shekarun 1990, sa'ad da dubban masu karatu, yawancinsu matan aure da 'yanmata, suke cire kuɗinsu su sayi littattafan su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, ko su karɓo haya, ba don an ambaci sunansu a ciki ba. Sunan da aka ba wannan harka shi ne adabin kasuwar Kano, kuma ba da nufin yabo aka ba ta shi ba. Ana iya sukar ingancin wasu daga cikin littattafan, mu ma muna da namu ƙorafin a kan rubutunsu, amma kasuwar da aka goranta musu ita ce ta raba su da zaman ƙofar gidan wani.

Saboda haka ga shawara ga rassanmu na wannan yanki, ba kuma mai tsada ba ce. A nemi zauren wata makaranta a Tudun Wada ko Kiru, a gayyato mai gurmi ko mai kukuma guda ɗaya, a haɗa shi da marubuta biyu da za su karanta aikinsu. A sa kuɗin shiga daidai da abin da ɗalibi zai iya biya, a keɓe layi biyu kyauta ga wanda ba shi da shi don kada katangar nan ta tashi. A yi wa makaɗin jinga tun kafin ya zo, a gaya masa ba a son ya kira sunan kowa, har da na shugaban ƙungiya. Muna zaton shi kansa zai fara jin abin banbaraƙwai, hannunsa zai riƙa neman take yana fasawa. Amma ba shi ne zai fi ba mu wahala ba. Kafin a yi minti goma wani mai babbar riga zai miƙe daga layin gaba da damin sababbin kuɗi a hannu, ya nufi dandali, kuma tun yanzu ya kamata kwamiti ya san wane ne a cikinmu zai tare shi ya ce, "Ranka ya daɗe, a koma a zauna."